Kwana Goman da Na Rage

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma na rantse da wanda raina yake hannunsa ba zan ƙara masa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Sunana dai ku bar shi, 'yan garinmu da ke Dubai suna da yawa kuma bakinsu ba ya rufuwa, wanda ya gane ni ya yi min shiru. Yau shekara goma sha wani abu ke nan, lokacin ina tuƙi a wani kamfanin injiniyoyi, ina kwana a wani ɗaki a Deira can bayan kasuwar Naif, mu shida gado bisa gado, kowa da tukunyarsa a ƙarƙashin nasa.

Kamfanin ya haɗa ni da wani dattijo ɗan ƙasar Japan mai suna Hirano, ni kuwa Baba nake ce masa, tun yana gyara min har ya gaji ya koma amsawa. Aikinsa injinan tace ruwan teku ne. Mutum ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma idan ya ce ƙarfe bakwai to bakwai saura biyar yana tsaye a ƙofar gini da jakarsa, abin da ya wahalar da ni a watannin farko, ni da na taso inda bakwai take kaiwa takwas da rabi ba wanda ya ce uffan. Gidansa yana hawa na sha huɗu a wani dogon gini wajen Bur Dubai, shi da matarsa kawai, wadda nake ce wa Mama. Mama gajeriya ce ƙwarai, ba ta jin Turanci ba ta jin Larabci in ban da shukran, sai murmushi da sunkuyo, kuma duk hawan da zan yi ɗaukar kayan Baba sai ta miƙo min wani koren shayi ba sukari ba madara, kamar an jiƙa ɗanyen zogale, ni kuma in shanye don kunya in ce da daɗi, sai ta ƙaro min.

A bangon falonsu, can sama kusa da silin, an kafa wani katako, a kansa akwai ɗan ƙaramin gida na katako mai 'yar ƙofa da rufi, bai fi akwatin takalmi biyu ba. Kamidana suke ce masa. Kullum da safe Mama za ta jawo 'yar kujerar roba daga kicin ta taka, ta canza ruwan wani ɗan farin kofi, ta sa 'yar shinkafa da gishiri, ta sauko ta sunkuya sau biyu, ta tafa hannu sau biyu, ta sake sunkuyawa. Ranar da na fara gani sai da na yi a'uzubillahi a raina, na ce ashe gidan matsafa aka kawo ni. Daga baya ido ya saba, ni da addinina su da nasu, kuma Baba bai taɓa hana ni tsayawa salla a hanya ba, shi ma yake tuna min wani lokacin.

Sau ɗaya a wata, ranar hutu, sai ya ce in kai shi Hatta, wani gari can cikin duwatsu. Ba abin da yake yi a can sai ya zauna a bakin dam ya yi ta kallon duwatsu, ya ce nasu na gida suna da itatuwa amma tsayuwar iri ɗaya ce. A wannan hanyar, da guntun Turancinsa da nawa, ya ba ni tarihin ɗan gidan nan. Ya ce reshe ne na wani wurin bauta a ƙauyensu cikin tsaunuka. Tun zamanin da, wai, dutse ya zame bayan ruwan sama ya binne rabin ƙauyen har da rijiyoyinsu, waɗanda suka tsira suka hau sama suka iske ruwa yana ɓuɓɓugowa a gindin wata babbar bishiya, sai suka ɗaura wa bishiyar igiyar kara, suka gina ɗaki a gefenta don abin da suka yi imani yana zaune a wurin, wanda suke kira kami. Kakan kakanninsa aka ba tsaron wurin, kuma tun daga nan bai taɓa fita daga gidansu ba. Ya ce akwai wata ƙofa a bakin hanyar, ginshiƙai biyu da gicciye a sama, ba ƙyaure, kuma ba a bi ta tsakiyarta don hanyar mai wurin ce. Ana wanke hannun hagu, a wanke na dama, a kurkure baki kafin a ƙarasa. Bayan girbi samari sukan ɗauki wani ɗan ɗaki a kafaɗa su zaga ƙauyen da shi, amma yanzu samarin duk sun tafi birni, a bayan akori-kura ake ɗora shi, tsofaffi su bi a baya da sanduna.

To ni ina da wata mummunar ɗabi'a, iyayi. Duk abin da Baba ya faɗa sai in ce ai mu ma muna da shi. Wanke hannu da baki, in ce alwala ke nan. Cire takalmi, in ce haka muke a masallaci. Bishiyar da ake tsoro, in ce ai akwai wata tsamiya a ƙauyen kakata da ba a zama a ƙarƙashinta da azahar. Shi kuma abin yana yi masa daɗi, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa duniya ƙarama ce.

Abin da ya fi komai a ransa shi ne komawa. Yayansa ne yake riƙe da wurin, ya tsufa, ba shi da ɗa, kuma in ba wanda ya karɓa daga gidansu za a kwashe abin da ke ciki a haɗe da wani babban wurin bauta na cikin gari, a rufe nasu. Baba ya gudu daga aikin tun yana saurayi ya tafi karatun inji, abin yana cin sa shekara da shekaru, ya ce saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, shi da Mama su koma, ya share ganye a gindin bishiyar nan har ya mutu. Idan yana wannan maganar fuskarsa har wani haske take yi. Ni ne na hana shi komawar, kuma abin da zan gaya muku ke nan.

Wata safiya cikin tsananin zafi Mama ta faɗi a kicin. Kwana uku a asibiti, ta cika. Wallahi na yi kuka kamar uwata ce. A wurin da aka ajiye gawar na ga Baba ya tsaya gaban akwatin ya sunkuya, ya kawo tafukansa kamar zai tafa sau biyu amma bai bari sun haɗu ba, ba ƙara ko kaɗan, daga baya ya ce min haka suke yi wa mamaci har kwanakin makoki su cika.

Da muka dawo gida sai ya tsaya a bakin falo ya ƙi shiga, ya miƙo min wata farar takarda da salatef. Ya ce a al'adarsu idan an yi mutuwa a gida ana rufe gaban ɗan gidan nan, kuma ba mutanen gidan ne suke rufewa ba don mutuwar ta taɓa su, sai bare, shi kuma ba shi da wani bare da ya yarda da shi a garin nan sai ni. Na ce a raina ai rufewa ce ba bauta ba, in ma gunki ne rufe shi lada ne. Na taka kujerar Mama, na zubar da ruwan kofin na goge shi na kife kamar yadda ya ce, na liƙa takardar ta rufe komai.

Ya ce dalili biyu ne. Na farko kowa a ƙasarsu ya san shi, kami ba ya son ganin mutuwa. Na biyu kuwa maganar ƙauyensu ce, daga bakin mahaifiyarsa ya ji: mamaci yana nan yana zagaya gidansa har kwanakin su cika, bai gama sanin ya tafi ba, to wanda ya saba yi wa ɗan gidan hidima idan ya iske shi a buɗe sai ya ci gaba da aikinsa, lokacin tafiya ya wuce shi, ba zai ƙara samun hanya ba. Mama kuwa shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa fashin safiya ɗaya ba.

A filin jirgi, zai tafi da gawar, ya ba ni makullin gidan don in dinga ba furannin Mama ruwa, ya ce zai yi kamar wata uku, kuma ba kyau a bar ɗan gidan a rufe bayan lokaci.

"Idan kwanakin makoki sun cika, ka cire takardar," in ji shi.

"Na gane, Baba. Ai mu ma muna da shi."

"Ku ma kuna ƙirgawa?"

"Muna ƙirgawa mana."

Sai ya dafa kafaɗata ya wuce. Bai faɗi adadi ba, ni ban tambaya ba. Mutumin da ya yi rashin mata, idonsa ko gani ba ya yi sosai, ya ji na ce na sani, me zai ƙara? Ni kuwa tun ina yaro abin da na sani shi ne uku, bakwai, arba'in. Ko a mafarki ban taɓa tunanin akwai wanda yake ƙirga wani abu daban ba.

Ranar arba'in da hantsi na je, na ba furanni ruwa, na taka kujera na ɓare takardar a hankali na ninke ta na ajiye a kan tebur, na mayar da kujerar kicin, na kulle na fito ina jin na cika amana. Har na ɗauko waya zan tura masa saƙo, na ce a'a, kar in dame shi.

Bayan kwana biyu na koma, wajen ƙarfe goma na safe. Ina buɗe ƙofa na ji wani ƙamshi da bai da dalili a gidan da aka kashe wa na'urar sanyi sama da wata guda, ƙamshin ƙasa da ɗanyen ganye, irin na bayan ruwan farko. Na ɗaga kai, sai na ga kofin da na kife da hannuna yana zaune daidai, cike da ruwa har baki. Ban tsorata ba a lokacin, haushi ma na ji, na ce wani mai shara ne ya samu makulli yake shisshigi. Na zubar, na goge, na sake kifewa, na sauka wajen mai gadin ginin, wani Malam Idirisu ɗan Zangon Kumasi da muke shiri da shi, na hau shi da faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Chale, abokina, ba wanda ya hau wurin nan sai kai. Yalla, zo ka gani da idonka." Ya zaunar da ni gaban kyamarar hawa na sha huɗu muka yi ta mayarwa baya, ba wanda ya taɓa ƙofar sai ni da hulata.

Washegari na ja shi muka hau tare. Kofin a cike. Idirisu ya fi ni tsawo, ya miƙa hannu ya taɓa, ya janye da sauri ya ce sanyi kamar daga firji, ga raɓa a jikin kofin, alhali mu zufa ce take zuba a jikinmu. Ni kuwa ba kofin nake kallo ba. 'Yar kujerar roba da na mayar kicin tana nan a ƙarƙashin katakon, an ɗan karkata ta gefe, daidai yadda Mama take ajiye ta saboda gwiwarta ta hagu da ba ta lanƙwasuwa. Wannan karkatarwar ba wanda ya san ta sai wanda ya sha ganin matar tana hawa. Nan na ja da baya. Idirisu ya karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ya ce aljanu ne, su ma suna son gidan da ba kowa, in daina zuwa ni kaɗai.

Da na ji maganarsa da ban ga abin da na gani ba, amma taurin kai ya sa kashegari na sammako, na ce sai na kama ko wane ne. Bakwai saura na isa, rana ta fito tar, ana jin motoci a ƙasa da ma'aikata suna hayaniya a ginin da ke kusa. Na shiga, kofin a kife yadda muka bar shi, na ce alhamdulillahi, na wuce baranda na fara ba furanni ruwa, ƙofar gilas tana bayana a buɗe rabi. Ban fi minti uku ba na ji an ja kujerar roba a kan tayil, ƙiii, gajeren ja. Wuyana ya ƙi juyawa. Sai dai gilashin ƙofar yana gefena yana nuna cikin falon dishi-dishi, kuma a ciki, billahillazi, na ga mutum gajere a tsaye ya ba ni baya, da furfura a ɗaure, ya sunkuya, ya sake sunkuyawa, ya ɗaga hannu biyu ya kawo su sau biyu, ba ƙara.

In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Hanyar fita ɗaya ce kuma ta falon take, na runtse ido na ratsa, sanyi ya bugi gefen jikina kamar na wuce ta gaban firji a buɗe, ban jira lif ba, ta matakala na sauko hawa sha huɗu da butar ban ruwa a hannuna, sai a gaban Idirisu na lura da ita.

Washegari Baba ya kira ni. Muryarsa ta ɗan dawo, ya tambayi furanni, ya tambayi iyalina a Kano, ya ce yayansa ya ji daɗin ganinsa har ya fara koya masa addu'o'in wurin. Can sai ya ce, cikin hira kawai, saura kwana biyar a yi bikin cikar kwana hamsin, daga nan Mama ta shiga cikin kakanni ta huta, ni ma in cire takardar ranar.

Hamsin. Na tsaya cak a bakin titi. Ya tambaye ni ko takardar tana nan, ni kuma, Allah ya yafe min, na ce tana nan.

A ranar na roƙi Idirisu ya raka ni, muka zubar da ruwan, muka mayar da takardar, na zagaye ta da salatef ta ko'ina kamar mai ɗaure kayan kago. Na yi ta gaya wa kaina kwana biyar ne kawai a buɗe, wataƙila ba a makara ba. Da muka dawo washegari salatef yana nan ba a taɓa shi ba, amma gindin takardar ya jiƙe, da alamar 'yan yatsu ƙanana guda uku, kuma ta cikin hasken takardar ana hango kofin a zaune. Ranar hamsin na cire ta. Daga nan har Baba ya dawo ban ƙara shiga ba sai da Idirisu, kuma ban ƙara ɗaga kai sama ba.

Ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi na yi niyyar faɗa masa a mota, na kasa, shi kuma sai labarin gida yake ba ni, an gyara rufin ɗakin da za shi zauna, bishiyar tana nan. Muka hau, na ajiye jakunkuna. Ya tsaya a tsakiyar falo ya shaƙi iska, ya dubi kujerar, ya dubi kofin, ya daɗe yana kallo. Bai juyo ba ya yi magana.

"Kwana nawa ka ƙirga?"

"Arba'in, Baba. Haka muke yi a wurinmu. Ban sani ba."

Na jira ya zage ni, ko ya mare ni, wallahi da ya fi min sauƙi. Sai ya zauna a kujera ya rufe fuska da hannu, can ya ce laifinsa ne da bai faɗi lamba ba, shi injiniya guda. Daga nan ya yi wata magana da yarensu a hankali, ba da ni yake ba, irin muryar da yake yi wa Mama idan ya dawo daga aiki.

Shekara ta cika, kwantiragi ya ƙare, Baba ya sabunta. Wata shekarar ma ya sabunta. Na ce masa ya ɗauki ɗan gidan ya tafi da shi mana, ai sai ta bi shi. Ya ce ba ya jin haka abin yake, inda lokacin ya wuce ta nan take, kuma ba zai yi caca da ita ba.

"Ko kwatance ba ta iya tambaya a garin nan," in ji shi. "In na tafi, wa za ta yi wa magana?"

Yayansa ya rasu a shekara ta biyu. Baba ya je kwana huɗu ya dawo, ya nuna min hoto a waya, an gicciya igiya a ƙofar nan mai ginshiƙai biyu, ganye ya rufe matakala, an kwashe abin da ke ciki an kai gari. Aikin da gidansu ya riƙe tun zamewar dutse a kansa ya ƙare. Bai ƙara cewa mu je Hatta ba. Kuma ya gaya min tun dawowarsa bai taɓa zuba ruwa a kofin nan da hannunsa ba, sai dai ya farka ya iske an yi. Ni duk safiyar da na hau ɗaukar jakarsa sai in ji kamar in nutse don kunya, shi kuwa bai taɓa canza min fuska ba, har shayin nan ya koyi dafa min.

A shekara ta huɗu zuciyarsa ta fara ba shi matsala. Wata rana muna dawowa daga asibiti, a cikin cunkoso, ya ce yana da roƙo. Ya ce yanzu shi yake tsayawa gaban ɗan gidan kullum, shi yake sa shinkafa da gishiri, don haka shi ma ya zama mai hidima.

"Idan tawa ta zo, kai za ka liƙa takardar," ya ce. "Ka ƙirga irin naku."

Na ce Baba ka daina wannan maganar. Ya ce in yi masa alƙawari. Mota tana ta yi min hon a baya, na ce na yi.

Bayan wata biyar ya rasu. Ɗansa ya zo daga Japan, mutum mai kirki, shi ma ya tsaya a bakin falo ya miƙo min farar takarda, ya ce hayar gidan da saura, in riƙe makulli, zai dawo ya kwashe kaya bayan makoki. Shi kam bai bar ni da zato ba, ya ɗaga yatsu biyar ya ce hamsin, ya ma rubuta min ranar a takarda. To ga maganar ɗa ga maganar uba, kuma yanzu ba zan ce ban sani ba. Na je wajen wani malami a masallacin da muke salla a Naif na ba shi labarin a dunƙule, ya ce matattu ba sa dawowa, suna inda Allah ya ajiye su, wannan shaiɗan ne yake wasa da hankalin mutane, in fita harkar. Na yarda da maganarsa, har gobe a kanta nake, ita ce aƙidata. Amma kwana talatin da tara na yi ina juya abin, in ce idan ba komai ba ne to cirewar ma ba komai ba ce, in kuma ce idan da wani abu fa, rai na biyu ke nan zan ɗaure da hannuna, wannan karon da gangan. Sai kuma in tuna matar nan ita kaɗai a hawa na sha huɗu, a garin da kalma ɗaya ta sani.

Ranar arba'in da hantsi na hau ni kaɗai. Na taka kujerar, na ɓare takardar ban kalli bayanta ba, na ajiye, na fito na kulle. Ban ƙara shiga gidan ba har abada. Ɗan ya zo bayan hamsin ya iske a buɗe yadda ya dace ya iske, ya yi min godiya har da sunkuyo, ya naɗe ɗan gidan ya tafi da shi a ƙona a can kamar yadda suke yi. A shekarar na ajiye aiki na dawo Kano, yanzu kayan gyaran mota nake sayarwa.

Bara Idirisu ya kira ni, har yanzu yana gadin ginin. Bayan gaisuwa ya ce gidan nan fa ba ya riƙe 'yan haya, an yi huɗu ko biyar, ba wanda ya cika shekara. Ta ƙarshe wata nas ce 'yar Indiya, ta sauko ta kawo masa ƙara, ta ce ba faɗa take nema ba, amma don Allah ya roƙi tsofaffin nan mata da miji na maƙwabta su rage hira da sassafe, tana dawowa daga aiki a gajiye, sai ta yi ta jin su ta bangon falo ƙasa-ƙasa da wani yare, wani lokaci matar har dariya take yi. Na tambaye shi wane bango. Ya faɗa min, bangon da katakon nan yake ne. Ya ce shi bai iya gaya mata ba, amma bangon nan shi ne ƙarshen ginin, ba ɗaki a bayansa, daga shi sai iska har ƙasa.

Na kashe wayar. Har yau ban san ko alheri na yi wa mutanen nan ko zalunci ba, ban kuma san su ne ko wani abu ne yake kwaikwayonsu ba, Allah shi ne masani. Abin da zan ce muku kawai, musamman ku da kuke fita neman abinci a ƙasashen mutane kuna shiga gidajensu: idan wani ya damƙa muku amanar al'adarsa, in za ku ƙi ku ƙi tun farko, in kuwa kun karɓa ku tambaya dalla-dalla, yaushe, sau nawa, kwana nawa, ko da kuna ganin kun sani, kar ku auna da mudun gidanku. Ku riƙe azkar ɗinku na safe. Ni dai har yanzu, ko a gidana, idan yara suka ja kujerar roba a kan tayil da sassafe sai na ajiye abin da ke hannuna na je na ga waye.